Na ce na saba da ƙarar inji, ashe kunnena ne ke tafiya

Shekara 23 ke nan ina tsaye gaban injin niƙa a Rigasa, kuma da ka tambaye ni shekara uku da suka wuce ko ƙarar tana damuna, dariya zan yi maka. Har tinƙaho nake yi da abin. Sabon yaro in ya zo koyon aiki, ranar farko za ka gan shi yana yamutsa fuska yana cusa yatsa a kunne, sai in dafa kafaɗarsa in ce, "Rabu da ita, wata biyu ka saba." Haka maigidana ya faɗa mini ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haka ni ma na faɗa wa yara sun fi goma. Kuma ba ƙarya ba ne, ana sabawa. Sai dai ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ke faruwa a cikin kunnen da har yake sabawa ba.

Mai ɗakina ce ta fara lura. Da fari cewa take yi rediyona ya cika gida, maƙwabta ma ba sai sun kunna nasu ba, ta katanga suke jin labaran asuba. Daga baya ta koma zargin ina share ta da gangan. Ta yi magana daga madafi, in yi shiru, ta fito ta ce, "Maigida, in kuɗin cefanen ne babu ai sai ka faɗa." Ni kuwa wallahi ban ji ba. Wani lokacin kuma in ji, amma in ji wani abu dabam. Ta ce in miƙo mata tasa, na ce wa za a kai tasha. Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya, na taya su.

A majalisa abin ya fi muni. Mutum ɗaya in yana fuskantata ina fahimtarsa sarai, amma da zarar uku sun haɗa baki, ga babura na wucewa, sai maganar ta zama kamar ana dama kunu. Muryoyin ina jin su, hawa da saukarsu ma ina ji, kalmomin ne ba sa fita. Sai na koyi wata dabara: in an yi dariya in yi, in an yi shiru in girgiza kai in ce Allah Ya kyauta. Ranar da wani abokina ya ce an yi masa haihuwa na ce masa Allah Ya kyauta, ranar dabarar ta tona mini asiri.

Ga kuma gyare. Kullum dare in gari ya yi tsit sai in ji yana kuka, siririn kuka mara yankewa. Na taɓa tashi da tocila na ɗaga tabarma, na ja akwati, na leƙa bayan ƙofa. Mai ɗakina ta ce ita ba ta jin komai. Na toshe kunnuwana da tafin hannu, sai kukan ya ƙaru. A cikin kaina yake.

Duk wannan bai kai ni asibiti ba. Abin da ya kai ni shi ne 'yata ta biyu, wadda ke hadda a Islamiyya. Ta kawo mini Alƙur'ani bayan magariba ta ce, "Baba, riƙe mini." Tana karantawa ina bin layi da yatsa, na tsayar da ita na ce ta maimaita, sinun ba ta fita ba. Ta maimaita. Na ce har yanzu. Ta sake, ta sake, har idonta ya kawo ruwa. Yayanta da ke gefe ya ce, "Baba, daidai fa take faɗa." Na rufe littafin na ce ta je wurinsa ya ƙarasa mata. Daren nan ni da gyarena muka kwana ido biyu.

Ban tafi kai tsaye ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Sai da na bi ta wani kyamis aka ba ni maganin ɗigawa ba tare da an ko leƙa kunnen ba. Na yi sati biyu ina ɗiga man zaitun da tafarnuwa bisa shawarar wata gwaggona. Na ƙara ƙaimi wajen sosa kunne da tsinken ashana da gashin kaza, don na yanke wa kaina hukunci cewa ƙurar gari ce ta toshe shi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke kawo markaɗen wake ce ta gaji da ɗaga mini murya, ta ja ni waje ta ce, "Malam, kana cikin Kaduna, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garinku, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa. Je ka a auna ka."

Na je wata Talata, bayan na sallami niƙan safe, gari har cikin gashin girata. Na yanki kati na zauna. A kan bencin nan na fara gane cewa kurumta ba ƙofa ɗaya take shigowa ba. Kusa da ni wata mata ce riƙe da yaro ɗan shekara uku da bai taɓa cewa "Mama" ba. Ta ce shawara ta kama shi yana ɗan kwana biyu, idonsa ya yi rawaya, aka yi ta ba shi jiƙo a gida har kusan sati kafin a kai shi asibiti. Can gefe wata yarinya ce da auduga a kunne, mugunya ta jiƙa ta, uwar ta ce tun tana goyo kunnen ke ruwa, yana tsayawa yana dawowa, an ɗauka na haƙori ne. Akwai kuma wani saurayi ƙaƙƙarfa da ya tashi daga zazzaɓin Lassa ya tarar kunne ɗaya ya mutu. Daga baya na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga wannan zazzaɓi suna samun matsalar ji, wasu ya dawo musu bayan 'yan watanni, wasu shi ke nan.

Likitan bai fara da kunnena ba, da tambaya ya fara, kuma yana yi yana kallon fuskata, yana buɗe baki sosai ba tare da ihu ba. Wannan kaɗai ya sa na ji sanyi. Na taɓa yin sanƙarau? Ƙyanda fa, ko hangum? Kunnena ya taɓa ruwa? An taɓa marina har na ji kunne ya yi dum? Akwai kurame a danginmu, kuma iyayena auren zumunci ne? Ina da ciwon suga ko hawan jini? An taɓa yi mini allurai masu yawa a jere?

Kowace tambaya sai ta tuno mini da wani. Sanƙarau ta tuno mini da ɗan baffana a Kano, wanda annobar 1996 ta kwantar. Ya tashi da ransa, muka yi ta murna, sai bayan kwanaki aka lura ana kiransa ba ya waiwayowa. Yau da maganar hannu yake sana'arsa ta ɗinki. Maganar allura kuwa na ce masa ni dai na sha kwinin, kuma na san yadda yake sa kunne ƙugi. Ya ce na kwinin galibi yakan wuce in an daina sha. Wadda ta fi ba shi tsoro ita ce irin su jentamaisin, da ake dankara wa mutane a kyamis don ƙurji ko zazzaɓi ba tare da an auna nauyinsu ko lafiyar ƙodarsu ba. Magani ne mai ceton rai in likita ya ga dole, amma ɓarnar da yake yi wa kunne in ya yi yawa ba ta gyaruwa.

Sai ya ce, "Malam, mece ce sana'arka?" Na nuna masa rigata. Ya yi murmushi, ya ce awa nawa a rana. Na ce daga bakwai na safe zuwa magariba, in azumi ne ko sallah ta matso har goma na dare. Ya rubuta, bai ce komai ba.

Ya ɗauko wata 'yar fitila mai tsinin baki ya leƙa. Kunnen hagu fes, dodon kunnen lafiya lau. Na dama kuwa cunkushe yake da datti, ya taurare kamar ƙanzo. Ya ce aikin ashanata ne: kunne da kansa yake turo dattinsa waje a hankali, tsinke kuwa mayar da shi ciki yake yi yana dannawa, in an yi rashin sa'a ma ya huda dodon. Aka ba ni maganin da zai tausasa shi, bayan kwana biyar na dawo aka wanke da ruwan ɗumi. Abin da ya fito ya kai ƙwayar gyaɗa. Na fito ina jin iska na shiga kunnena, na ce alhamdu lillahi, ashe datti ne. Har na kira mai ɗakina na yi mata albishir. Da dare gyare ya ci gaba da kukansa kamar ba a yi komai ba.

Ranar awo an gargaɗe ni kada in kusanci inji tun daga yammacin jiya, don kunnen da ya sha ƙara yakan yi dum na wasu awoyi, in an auna shi a haka sakamakon zai fi gaskiya muni. Na bar wa yara shago. Da farko aka sa mini wani ɗan roba a kunne, na ji iska ta matsa ta saki, aka ce wannan na duba motsin dodon kunne ne, kuma nawa kalau. Sannan aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri kamar ta firji. Da aka rufe, shirun da na ji ban taɓa jin irinsa ba, sai ni da gyare da bugun zuciyata. Aka ɗora mini hedifon, ja a dama shuɗi a hagu, aka ba ni maɓalli a hannu. Matar da ke awon tana waje ina ganinta ta gilashi. Ta ce duk sanda na ji sauti, komai ƙanƙantarsa, in danna.

Masu kauri, irin na ganga, ina jin su tun suna nesa. Da aka zo kan sirara sai na rikice, don sun yi kama da gyarena, na rasa wanne ne na waje wanne ne nawa. Akwai lokacin da na ga hannunta ya motsa, na san ta saki sauti, amma ban ji komai ba. Zuciyata ta ce danna kawai, kada a ce ka faɗi. Na danna. Ta ɗago kai ta yi murmushi ta gilashi, ta ce ta lasifika, "Baba, ba jarrabawa ba ce, kanka za ka cuta." Kunya ta kama ni. Daga nan aka ɗaura mini wani abu a kan ƙashin bayan kunne, wanda ke tura sauti ta cikin ƙashi ba ta ramin kunne ba, aka sake yi. Aka ƙare da kalmomi, tana faɗa ina maimaitawa.

Takardar da aka ba ni tana nan a aljihun jakata har yau. Layuka biyu ne, jajayen da'irori na kunnen dama, shuɗayen gicciye na hagu. Daga hagu sun taho a sama tare, lafiya lau, sai suka fara gangarowa, a wajen da aka rubuta 4000 suka faɗa rami, sannan suka ɗan ɗago a 8000. Likita ya sa biro a ramin ya ce, "Ko ba ka faɗa mini sana'arka ba, wannan ya faɗa mini." Ya ce ƙara ce ke barin irin wannan tabo, a daidai sautin da ke kaɗawa sau 4,000 a daƙiƙa, kuma kusan iri ɗaya a kunnuwa biyu. A wannan yankin ne su sa da sha da fa da tsa suke zaune. Wasula da karin murya suna can wajen sautuka masu kauri, inda nawa ke da lafiya. Nan take na gane tasa da tasha, na gane sinun 'yata.

Ya zana mini kunne a bayan katina. Sauti ya bugi dodo, dodo ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su kuma su tura shi cikin wani abu mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa. A ciki akwai ƙwayoyi masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ke mayar da motsin ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ya ce in ɗauke su kamar dawa a gona. Iska mai ƙarfi ta kwantar da ita, da safe ta miƙe. Wannan shi ne dum ɗin da nake ji in na tashi aiki, wanda ke washewa kafin asuba. Amma in kullum ne, shekara da shekaru, wata rana karan zai karye, kuma wanda ya karye ba ya tohowa. Ba ciwo, ba jini, shi ya sa ba a ankara.

Na ce, "Likita, to ai ni na riga na saba da ƙarar, ba ta damuna."

Ya ce, "Malam, ba sabawa ka yi ba. Waɗanda ke jin zafinta ne suka mutu."

Na yi shiru. Fuskokin yaran nan ne suka riƙa zuwar mini ɗaya bayan ɗaya, da hannuna a kafaɗarsu.

Na tambaye shi magani, ko allura, ko aiki. Ya ce na irin wannan babu. Da a dodon kunne ne ko ƙasusuwan nan, da akwai abin yi. Har ya yi mini barkwanci, ya ce kazar da nake cire wa gashi ta fi ni sa'a, don tsuntsaye nasu ƙwayoyin suna sake fitowa, na ɗan Adam ne ba sa yi. Abin da ya rage shi ne a tsare sauran, a kuma taimaka mini da na'urar ƙara ji.

Ya ba ni lissafin da na haddace kamar karatun allo. Ana auna ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. A 85 mutum zai iya yin awa 8 a rana. Duk ƙarin 3 kuma sai lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Ya ce ko ba na'ura zan iya ganewa: in sai na ɗaga murya kafin wanda ke nesa da ni da tsawon hannu ya ji ni, wurin ya kai a toshe kunne. Dariya ta kusa kama ni. A shagona ba ɗaga murya ake yi ba, da hannu ake ciniki, yatsa biyu mudu biyu. Da na koma, babban yaron shagona ya sauko da wata manhaja a wayarsa muka gwada a inda nake tsayawa. Lambar tana rawa tsakanin 96 da 100. Waya ba ma'aunin asibiti ba ce, amma ko an rage mata biyar, lissafin bai yi mini kyau ba: wurin da ya kamata in yi awa biyu, na yi shekara ashirin ina yin goma sha ɗaya.

Gyaran shago ya fi zuwa asibiti wuya. Injinmu Lister ne na dizal, yana cikin ɗaki ɗaya da mu, ƙarƙashin kwano, salansarsa ta fashe tun ban san yaushe ba. Na kira mai walda ya yi sabuwa, ya fitar da bututun waje. Na sa magini ya ja ɗan bango tsakaninmu da injin, aka bar kafar da bel zai wuce. Muka yanka tsohuwar taya muka sa ƙarƙashin ƙafafun abin niƙan, muka ɗaure duk wani murfi da ke karkarwa. Na sayo soson toshe kunne wurin masu sayar da hular kwano da takalman leburori. Sa shi ma sai an koya: ka murza shi ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe da yatsa har ya kumbura ya cika ramin. In rabinsa na leƙowa waje, ado kawai ka yi. Auduga kuwa, wadda wasu abokan sana'a ke cusawa, ƙura kawai take tarewa.

Yara suka ƙi. Babban ya kawo hujjar da ni ma ta tsaya mini a rai: "Oga, da kunne fa muke gane inji. In bel ya saki ko hatsi ya ƙare a ciki farantan na cin juna, ta yaya za mu ji?" Gaskiyarsa, makaniki da mai niƙa da kunne suke gani. Na ce mu gwada sati ɗaya. Abin mamaki, ana ji. Soson ba ya kashe sauti, rage shi yake yi, kuma canjin muryar inji yana fitowa sarai. Ƙaramin cikinsu kuwa na kama shi ya cire soso ya sa iyafis, ya ƙure waƙa don ta danne ƙarar inji. Wato ƙara a kan ƙara, kai tsaye cikin rami. Wannan ne karo na farko da na yi wa yaro tsawa a kan abin da ba kuɗi ba. Na ce ko soso ko ya ajiye aikin. Na kuma raba musu tsayuwa, mai zuba hatsi ya yi awa biyu ya koma waje wurin awo da karɓar kuɗi.

Na'urar ƙara ji sai da na yi wata bakwai ina zubin adashi. Biyu aka ce in sa, ɗaya na iya saya, aka saita ta a kwamfuta daidai da ramin da ke takardata, ta ƙara sirara ta bar masu kauri yadda suke. Makon farko na tsane ta. Cokali ya taɓa kwano sai in zabura, takalmina na ƙara, ledar burodi kamar ana yaga kwano, muryata kuma kamar daga cikin tulu. An riga an gaya mini haka za a yi, ƙwaƙwalwa ta manta da waɗannan sautuka, sai ta sake koyo. Ba na shiga shago da ita, don ƙura da gumi abokan gabanta ne, balle a ce ta ƙara mini ƙarar inji. Tana cikin gwangwaninta sai na yi wanka da yamma. Jin da nake yi da ita bai kai na da ba, a taron ɗaurin aure har yanzu ina shan wuya. Amma 'yata ta dawo da haddarta wurina, da sharaɗin ta zauna ta gefen dama tana kallona.

Bayan shekara aka ce in koma a sake awo. Wannan karon na tafi da babban yarona, ɗan shekara 25, shekararsa bakwai a wurina. Tawa takardar ta fito kusan yadda take, layin bai ƙara gangarawa ba, likita ya ce haka ake so. Yaron kuma ya shiga ɗakin awon yana dariya, yana cewa shi ko allura ta faɗi a Kawo zai ji. Da tasa ta fito na karɓa kafin a yi bayani, don yanzu na iya karatunta. Layukan suna sama, lafiya lau, sai a 4000 suka ɗan lotsa, kamar inda aka danna kwano da babban yatsa.

A cikin keke muna komawa bai ce uffan ba har muka wuce Bakin Ruwa. Sannan ya matso ta gefen dama, ya ce, "Oga, wannan gyaren da kake faɗa. Ni ma ya kai wata shida ina jin sa."